Tagulla Mai Gugar Buroshi a Adon Ɗaki: Zaɓe, Ɗaurawa da Kulawa

Duk wanda ya leƙa shagon kayan gini a 'yan shekarun nan ya ga yadda kalar gwal ta cika shagon: hannun ƙofa, mariƙin kabad, kan famfo, sandar labule, fitilar silin, har da bakin tayil. Wasu suna ƙyalli kamar madubi. Wasu kuma haskensu a kwance yake, idan ka matso da ido za ka ga siraran layuka sun bi jikinsu ta fuska ɗaya. Waɗannan na biyun ne ake rubuta wa "brushed brass" ko "satin brass" a jikin kwali, a nan kuma za mu kira su tagulla mai gugar buroshi. Layukan su ne amfaninta. Suna watsa haske maimakon su mayar da shi cikin ido, shatin yatsa ba ya fitowa a kanta kamar yadda yake fitowa a kan mai ƙyalli, ƙananan ƙarzuwa kuma ɓacewa suke a cikinsu.

Sai dai sunan da ke jikin kwalin launi kawai yake faɗa maka da yanayin fuska. Bai gaya maka wane ƙarfe ne a ciki ba, bai kuma gaya maka abin da aka rufe shi da shi ba. A kan waɗannan abubuwa biyu ake cin riba ko a tafka asara, domin su ne za su nuna inda kayan zai zauna, yadda za a ɗaura shi, da abin da za a wanke shi da shi.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Tagulla ta gaske haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya. Wadda ake yin falle da ita yawanci kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, launinta rawaya ne garau. Akwai mai kashi 60 da 40, ta fi tauri. Wadda ake sassaƙa mariƙi da kayan famfo da ita a inji takan ƙunshi dalma, wani lokaci har kusan kashi 3, don ta yi sauƙin yanka. Riƙe maganar dalmar nan, za mu dawo kanta idan mun zo famfo.

Zallar tagulla tana zuwa ta fuska biyu. Akwai wadda aka bari tsirara, babu komai a kanta. Wannan tana canzawa da zama: cikin makonni takan fara duhu ta koma ruwan zuma, inda hannu ke yawan taɓawa ya yi haske, lungunan su yi duhu. Akwai kuma wadda aka fesa wa fenti marar launi, garau kamar ruwa, wanda za mu kira rufin kariya. Ita tana riƙe launinta har ranar da rufin ya tsage.

Sauran ba tagulla ba ne har ciki. Mafi yawa a kasuwa tutiya ce ko baƙin ƙarfe aka yi wa siririn wanki da tagulla, sannan aka fesa rufi. Akwai alminiyam da aka rina da wutar lantarki, shi ne yawancin bakin tayil mai kalar gwal. Akwai wanda fenti ne kawai. Sai kuma wanda ake rubuta wa PVD: ana saka kayan, yawanci sitenles ko tagulla, cikin ɗakin da aka zuƙe iskarsa, a turara musu sinadarin titaniyam ko zirkoniyam ya manne a jiki. Rufin bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa, amma yana da tauri ƙwarai, ba ya duhu, ruwa ba ya cin sa. Aibinsa ɗaya: ranar da wani abu mai kaifi ya huda shi, babu gyara.

Zuwa da kai ya fi saƙo a wannan saye. Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu a aljihu. Idan ya kama kayan, baƙin ƙarfe ne a ciki, kada ya shiga banɗaki ko kusa da wajen wanke-wanke. Idan bai kama ba, ba ka gama ba tukuna, domin tutiya da alminiyam da sitenles mai kyau duk ba sa kama maganaɗisu. Sai ka auna a tafin hannu. Tagulla tana da nauyin kusan giram 8.5 a kowace santimita murabba'i mai kaurin santimita ɗaya, tutiya kusan 6.6, alminiyam 2.7. Ma'ana, mariƙin da zai yi giram 100 da alminiyam zai haura giram 300 da tagulla, hannu ba zai kasa jin wannan ba. Daga nan ka juya bayansa ka leƙa cikin ramin noti. Idan zaren ciki rawaya ne, alama ce mai kyau. Idan fari ne ko ruwan toka, wanki ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka sayi guda ɗaya, ka kankare bayansa da magagari: rawaya har ciki tagulla ce, fari ya ɓullo ba ita ba ce.

Don gane ko akwai rufi, ɗiga ɗan man goge ƙarfe a farin ƙyalle ka shafa a wurin da ba a gani. Ƙyallen ya yi baƙi, tsirara take. Bai yi ba, akwai rufi. Idan kuma sitenles ne mai PVD, ka nemi wanda aka buga wa lamba 304. Mai lamba 201 ya fi arha, amma ya fi saurin fitar da ɗigon tsatsa a wuri mai danshi.

Mataki na biyu: kowane iri da mazauninsa

Banɗaki da kan famfon kicin, PVD ne ya dace. Ruwa da sabulu da man wanke kai suna cinye rufin fesawa cikin ɗan lokaci, ya fara ɓarewa daga gindin famfo inda ruwa ke kwanciya. Wanki a kan tutiya kuwa ƙuraje yake fitarwa, ya kumbura ya fashe, babu kuma abin da za a iya yi masa.

Hannun ƙofar da ake buɗewa sau da yawa a yini da mariƙin durowar kicin, ko dai PVD ko zallar tagulla tsirara. Mai rufin fesawa ba ta jure zobe da gumi da makulli: rufin zai goge daga tsakiya, wurin ya yi duhu, gefe ya zauna da haskensa, sai abin ya zama dabbare-dabbare. Ita tsirarar tana da wata fa'ida da ba kowa ya sani ba. A shekarar 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa haɗe-haɗen jan ƙarfe rajista a matsayin masu kashe wasu ƙwayoyin cuta cikin sa'o'i biyu. Wannan aiki yana yiwuwa ne kawai idan ƙwayar cutar ta taɓa ƙarfen kansa, da an fesa rufi ya ƙare. Amma kada ka saka tsirara sai ka tabbata mutanen gidan sun yarda da canzawar launinta. Wanda yake son ya ga kayansa yadda ya saye su har shekara goma, ba tasa ba ce.

Abin da ido ke gani hannu ba ya kaiwa, kamar fitilar silin, firam ɗin madubi, sandar labule da ƙafar tebur, a nan ne za ka rage kashe kuɗi. Mai rufin fesawa ko mai wanki za su yi shekaru lafiya lau.

Mataki na uku: nawa ya isa, kuma da me za ta zauna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cikawa. An sa ta a silin, an ja layinta a bango, ƙafafun kujeru ita ce, labule da zaren gwal, ga fitila mai rassa. Ido ya rasa inda zai sauka, tsadar kayan ma ta ɓace. A ganinmu, a ɗaki ɗaya wuri uku ya wadatar, kuma a tsayi daban-daban: ɗaya a sama kamar fitila, ɗaya a tsakiya kamar madubi ko mariƙin kabad, ɗaya a ƙasa kamar ƙafar tebur. Idan guda ɗaya tal ka saka, zai zama kamar baƙo a ɗakin. Uku kuwa suna amsa wa juna.

Ba dole ba ne duk ƙarfen ɗakin ya zama tagulla. A kicin firji da murhun gas da wajen wanke-wanke yawanci sitenles ne, kuma ba sa faɗa da ita. Baƙin fenti marar ƙyalli ma abokin zamanta ne. Abin da za ka kiyaye shi ne ƙarfe ɗaya ya rinjaya, kamar kashi biyu cikin uku, kuma kayan aiki ɗaya su zama launi ɗaya: duk mariƙai iri ɗaya, duk kayan ruwa na banɗaki iri ɗaya. Abin da ba ya haɗuwa shi ne rawaya biyu masu kama da juna amma ba ɗaya ba. Kowane kamfani da irin tasa kalar: wata ta karkata ga ruwan lemo, wata fara-fara, wata da ɗan ja-ja. A shago ba za ka lura ba, sai sun zauna kusa da juna a bango. Saboda haka ka sayi mariƙi guda tukuna, ka sa shi a aljihu, duk abin da za ka saya ka kara shi a jiki a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Idan ka tsayar da shawara, ka saye duka a lokaci ɗaya, da ƙari. Kicin mai ƙofofi 12 da durowa 6 yana buƙatar 18, ka sayi 20, domin bayan shekara da wuya ka sake samun irin launin.

Tana fitowa sosai a kan shuɗi mai duhu, kore mai duhu, baƙi, ruwan toka mai duhu da ruwan makuba. A kan fari da ruwan madara takan yi sanyi, ta natsu. Katako mai duhu irin madaci yana karɓarta, farin mabul ma haka. Inda take ɓacewa shi ne bango mai ruwan ƙwai ko katako mai rawaya-rawaya.

Sai maganar ƙwan fitila, wadda mutane ke mantawa da ita. Yawancin ƙwayayen da ke kasuwa fari ne fat, za ka ga an rubuta 6500K a jikinsu, lambar da ke nuna launin hasken. A ƙarƙashin wannan haske tagulla kodewa take, ta yi kore-kore. Ka nemi mai 2700K ko 3000K a falo da ɗakin kwana. A kicin, inda ake son ganin aiki, 4000K ya yi, kada ka wuce nan.

Mataki na huɗu: ɗaurawa

Kafin komai, tagulla ita ce ta ƙarshe a shiga gini. Sai an gama fenti, an gama aikin silin, an wanke tayil, iska ta ratsa gidan na wasu kwanaki. Asid ɗin da masu tayil ke wanke siminti da shi ba sai ya taɓa ƙarfe ba, tururinsa kaɗai a rufaffen banɗaki ya isa ya ɓata famfo da shawa cikin dare ɗaya. Idan dole wani abu ya riga shiga, a naɗe shi da leda.

Mariƙin kabad ana auna shi daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, kuma ma'aunan da aka saba su ne milimita 96, 128, 160, 192, 224 da 320. Idan tsofaffi za ka canza, auna tazarar ramukan da ke nan ka sayi daidai ita, ka huta da cike rami. A sabon aiki, tsawon mariƙin ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin durowa. Durowa mai santimita 60 za ta ɗauki mai 160 ko 192. Wadda ta haura santimita 90, a sa mata dogo guda ko biyu matsakaita. Mariƙi mai ƙwallo guda kuma a ƙofar kabad, a bar milimita 50 zuwa 65 daga kusurwa.

Kada kafinta ya auna kowace ƙofa da tef da fensir, a ta goma sai hannu ya kauce. Ya yanki guntun falanki, ya huda ramukan sau ɗaya daidai, ya kafa masa ɗan katako a gefe da zai riƙa tokare bakin ƙofa, sai ya bi duk ƙofofin da shi. Notin mariƙi yawanci M4 ne, wato mai kaurin milimita 4, bakin huda na milimita 5 ya dace, yana barin ɗan wurin gyara. A huda daga gaba, a danne wani guntun katako a baya, in ba haka ba fatar allon za ta ɓalle inda bakin ya fita. Allo mai kaurin milimita 18 yana son noti mai tsawon 22 zuwa 25. Durowa mai fuska biyu takan nemi 35 zuwa 45. Noti ya yi tsawo, zai tokare ƙarshen rami mariƙi ya riƙa girgiɗi. Ya yi gajere, zare biyu kawai zai kama, wata rana a ja durowa mariƙi ya biyo hannu. A ɗaure da sukudireba ta hannu, inji yana cinye zare, musamman a mariƙin tutiya.

Sukurun tagulla na katako, irin na hannun ƙofa, yana da laushi, kansa yana guntulewa a katako mai tauri. Hanyar ita ce a fara huda ƙaramin rami, a ɗaura sukurun baƙin ƙarfe mai girma ɗaya ya buɗe hanya, a kwance shi, a goga wa na tagullar kyandir a zare, sannan a ɗaura da hannu. Hannun ƙofa yana zama a kusan mita 1 daga ƙasa.

Famfo yana da nasa sharuɗɗan. Da farko duba ƙarfin ruwan gidan, wanda ake aunawa da bar. Tankin sama yana ba da kusan bar 0.1 a kowace mita ta tsayinsa sama da famfo, wato tankin da ke mita 4 sama da shawa bar 0.4 ne kawai. Yawancin famfunan haɗa ruwan zafi da sanyi da ake shigowa da su suna neman bar 1 ko fiye. Idan ba ka duba kwali ba, za ka ɗaura kyakkyawan famfo ruwa ya riƙa zuwa kamar zare, sai ka ƙara sayen injin tura ruwa. Na biyu, famfon da za a sha ruwansa a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. A Amurka tun 2014 doka ta ƙayyade ta a kashi 0.25 cikin 100 a sassan da ruwan sha ke taɓawa. Idan ba ka san irin naka ba, ka saki ruwan da ya kwana a famfo ya zuba kaɗan kafin ka tara na sha. Na uku, ruwa mai gishiri-gishiri yana tsotse tutiyar da ke cikin tagulla, ya bar ta ja-ja, ta yi rauni kamar soso har ta fara tsiyaya. Kayan da aka rubuta wa DZR ko CR an yi su ne don jure wannan.

Wajen ɗaurawa, mai gyaran famfo ya fara sakin ruwa ya kore yashi da guntun roba daga bututu, ya cire 'yar matatar bakin famfon har sai ruwan ya fito garau. Kada haƙoran sifana su taɓa fuskar da ake gani, ya naɗa ƙyalle ko salatif tukuna. Gam ɗin silikon mai warin tsami yana cin tagulla, a nemi marar wannan wari.

Bakin tayil yana zuwa da zurfin milimita 8, 10 ko 12, tsawonsa galibi mita 2.5. A zaɓi wanda ya yi daidai da kaurin tayil ko ya ɗara shi kaɗan saboda gam. A yanka kusurwa a kan digiri 45 da zarto mai ƙananan haƙora. Siminti ko farin simintin cike tsaga da ya taɓa shi a goge nan take da jiƙaƙƙen soso, domin idan ya bushe a kan alminiyam tabon ba ya fita. A ƙasa kuwa, inda ƙafa ke takawa, alminiyam mai rini zai kode ya koma fari. Nan zallar tagulla ake sawa, mai kaurin milimita 3 ko fiye, irin wadda ake raba dabe na tarazo da ita.

Masu son fallen tagulla a gaban kanta ko layi a jikin allon bango su lura da abu uku. Kauri milimita 0.8 zuwa 1.2 ya isa idan an manna a kan allo mai santsi, kuma murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 8.5, sai a tanadi abin da zai ɗauke shi. Sannan tagulla tana miƙewa da zafi: layi mai mita 2 yana ƙaruwa da kusan milimita 0.8 idan zafi ya ƙaru da digiri 20, katako kuma yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Idan an matse ta ba wurin motsi, za ta bankare ta fito. A bar milimita 1 a kowane ƙarshe, a yi amfani da gam mai ɗan danƙo, a kuma kankare bayan fallen da samfefa don gam ya kama. Abu na uku shi ne alƙiblar layukan. Falle biyu daga kwali ɗaya, ɗaya layinsa a tsaye ɗaya a kwance, za su fito kamar launi biyu. A zana kibiya a kan ledar kowanne kafin a yanka. Ledar kuma a ɓare ta da zarar an gama, idan rana ta gasa ta gam ɗinta yana manne wa ƙarfen.

Fitilar da ke rataye a kan teburin cin abinci ta tsaya santimita 75 zuwa 90 sama da teburin. Duk fitila mai jikin ƙarfe mai aikin wuta ya haɗa mata waya ta uku, mai kore da rawaya, wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa. Sandar labule ta hau santimita 10 zuwa 15 sama da taga, ta wuce gefe da 15 zuwa 25, idan ta haura mita 1.8 a sa mata matokari a tsakiya, musamman da labule mai nauyi.

Mataki na biyar: yin gugar da hannunka

Wannan na zallar tagulla ne kawai. Samfefa a kan wanki ko PVD ɓarna ce, shafa biyu za ka ga fari. Amma tsohon hannun ƙofa mai ƙyalli, ko mariƙin da ka ba maƙeran fari suka zuba maka, ana iya mayar da shi mai gugar buroshi a gida.

1. Cire tsohon rufi da asiton ko tina a wuri mai iska, nesa da wuta. Wanke da sabulu, ka busar.

2. Kafe kayan a kan allo don kada ya motsa. Idan falle ne, ɗora miƙaƙƙen katako a gefensa ya zama jagorar hannunka.

3. Idan akwai ƙarzuwa mai zurfi fara da samfefa mai lamba 240, in babu fara da 320. Naɗa ta a jikin guntun katako, yatsu kawai suna barin kwari. Ɗan jiƙa ta, ka sa takunkumi, saboda ƙurar tana iya ƙunsar dalma.

4. Ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka wuce baki kafin ka ɗaga hannu, sannan ka dawo farko. Kada ka yi gaba da baya, kada ka tsaya a tsakiya: duk inda hannu ya juya yana barin 'yar ƙugiya da haske zai tona.

5. Kammala da soson nailan na masu fentin mota, mai ruwan makuba, sau 10 zuwa 15 a alƙibla ɗaya. Mai ruwan toka ya fi laushi, ga wanda ke son layin ya kusa ɓacewa. Soson waya na baƙin ƙarfe kada ya zo kusa, ɓurɓushinsa yana maƙalewa ya yi tsatsa.

6. Mariƙi mai ƙwallo, ɗaura shi a kan noti, ka kama notin a bakin injin huda, ka juya a hankali kana danna soson. Layukan za su fito a zagaye.

7. Sa safar hannu, ka goge da asiton har farin ƙyalle ya daina baƙi. Daga nan yatsa kada ya sake taɓawa. Shatin yatsan da aka rufe a ƙarƙashin fenti zai fito baƙi bayan watanni.

8. Rufe a ranar. Idan fesawa ce, nemi rufin da aka yi don ƙarfe, marar ƙyalli, domin mai ƙyalli yana cike layukan. Fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, siriri sau biyu ko uku, ka bar tazarar da aka rubuta a gwangwani. Ranar da hadari ya haɗu rufin yana yin hazo fari-fari saboda danshi, ranar ƙura kuma yana kama ƙasa. A bar shi kwana biyu ko uku kafin a ɗaura. Idan kana son ta riƙa duhu a hankali, shafa mata kakin zuma siriri, ka goge bin layi, ka sabunta bayan wata uku zuwa shida.

Faranti ko buta mai zanen hannu irin na maƙeran Bida ba a yi musu wannan. Samfefa za ta cinye zanen, kuma zanen shi ne darajarsu. A rataye su yadda suke, suna zama lafiya kusa da sababbin kayan.

Mataki na shida: kulawa, da gane abin da ya faru idan ta ɓaci

Wankinta ruwan ɗumi ne da ɗigon sabulun wanke-wanke a ƙyalle mai laushi, a bi layi, a ɗauraye, a tsane nan take. Da hunturu kada a goge ƙura a bushe. Ƙurar tana da yashi mai laushi, shafa ta da busasshen tsumma kamar samfefa ce a kan rufi. A kaɗe tukuna, sannan a bi da mai ɗan danshi. Gidan da ake yawan turaren wuta, hayaƙin yana barin maiƙo a kan fitila da sandar labule, ƙura ta manne a kai, sai a riƙa wanke su duk wata ɗaya ko biyu. Turaren fesawa da man tsabtace hannu suna da sinadarin da ke narkar da rufi, a nisanta su.

Bilic, ruwan wanke masai, garin goge tukunya da toka, babu ɗayansu da zai taɓa ta. Ruwan goge gilashi mai amoniya ya fi su haɗari ga zallar tagulla, domin yana iya tsaga ta. An gano wannan ne a Indiya lokacin mulkin Ingila, inda kwanson harsasai na tagulla da aka ajiye a bargar dawaki da damina suka riƙa tsagewa, a 1921 aka tabbatar amoniyar fitsarin dawakin ce sanadi. Idan za a goge madubi mai firam ɗin tagulla, a fesa a ƙyalle, ba a kan madubin ba.

Farin tabo a famfo gishirin ruwan rijiyar burtsatse ne ya bushe. A kan PVD, a haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle minti biyar, a ɗauraye sosai. A kan tsirarar tagulla, khal da lemon tsami da tsamiya suna cire duhun gaba ɗaya, idan suka daɗe kuma su bar ta ja-ja, saboda sun ci tutiyar sama. Gyaran wannan shi ne soson nailan bin layi har rawayar ta dawo. Kore-koren da ke fitowa a lungu alamar ruwa ne ke kwanciya a wurin: a cire shi da tsohon buroshin haƙori da sabulu, a busar, a shafa kaki, a kuma toshe inda ruwan ke fitowa. Wuri guda ya yi ƙyalli fiye da sauran, an goge shi da man ƙarfe irin su Brasso ne, ya share layukan, sai a sake jan soso a duk fuskar, ba a wurin kaɗai ba.

Baƙaƙen ɗigo ko jijiyoyi a ƙarƙashin rufi na nufin rufin ya tsage, danshi ya shiga. Ciko a wurin ba ya yi, iyakar sabon da tsohon za ta fito fili. A kwance kayan daga jikin ƙofa, a cire rufin duka da asiton, a koma lamba ta 5 a matakin da ya gabata, a bi har zuwa ta 8. Idan kuma abin da ke leƙowa ta ƙarƙashin ɓawon fari ne ko ruwan toka, kayan mai wanki ne, sai a ɗauko ɗaya daga cikin ƙarin da aka ajiye a canza shi.